Tambaya Da Amsa: Mai Imaro, Marubucin Da Aka Bari A Baya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Watan jiya in kun tuna mun buga wasiƙar wani ƙaninmu daga Aboabo nan Kumasi, ban amsa masa a lokacin ba, nace bari in jefa ta gaban masu karatu tukuna tunda hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Waɗanda basu gani ba, ga abinda ya rubuto a taƙaice:

"Malam ina gaisuwa. Ni ɗan sakandare ne aji biyu, kawuna direban babbar mota ne yana zuwa Kano, duk zuwa sai ya kawo min littattafan yaƙi irin na sadaukai da aljanu da matsafa ɗinnan, na karanta har sun ƙare, wasu ma sau uku. Na koma na Turanci a laburaren makarantarmu amma duk wanda na ɗauko dusar ƙanƙara ce da fararen fata da gidajen sarauta na dutse, sunayen ma bana iya furtawa. Shin babu wani marubuci da yake irin wannan labarin da Turanci amma mutanen ciki irinmu ne? Ko ba sananne bane ina so."

To ƙanina, amsoshi sun zo kuma na gode wa kowa. Yawanci sunayen da kowa ya riga ya sani aka turo, marubutan nan 'yan asalin Najeriya mazauna Amurka da littattafansu ke kan gaba a kanti, kuma babu laifi a karanta su. Amma wasiƙu biyu, ɗaya daga Nima a Accra ɗaya daga wani ɗalibin Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, sun ambaci suna ɗaya da ni kaina shi nake riƙe da shi a zuciya tun ranar da na karanta tambayarka: Charles R. Saunders. Shi zamu tsaya a kai yau.

Ni haɗuwata da shi a ƙasa ce, wallahi a ƙasa, kan wani buhu da mai tsofaffin littattafai ya shimfiɗa a gefen tsohuwar tashar Kejetia kafin a rushe ta a gina sabuwar kasuwa. Yana tsakanin littafin lissafi na firamare da wata mujallar ɗinki, bangon baya ya yage, takardun sun koma ruwan ƙasa, sunan Imaro kawai na gani da hoton wani ƙato baƙi riƙe da makami. Na biya 'yan kuɗi kaɗan na sa a jaka. Daren nan aka ɗauke wuta, lokacin dumso ne da ake yawan ɗauke wuta a Ghana, na kunna tocilan waya nace bari in duba shafi biyu kafin barci, ban ajiye ba sai da batir ya mutu, na tashi na lalubo kyandir a kicin na ci gaba.

Mutumin Ba'amurke ne baƙar fata, an haife shi 1946 a jihar Pennsylvania, yayi digiri a jami'ar Lincoln, a 1969 ya tsallaka Kanada don baya so a kai shi yaƙin Biyetnam, can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Tun yana yaro yana son labaran jarumai masu takobi amma abin da ke ci masa rai shine duk inda Afirka ta fito a irin waɗannan littattafai, mu ne 'yan dako, mu ne masu ihu a daji, jarumin kuma Bature ne da ya girma cikin birrai, Tarzan kenan. Sai ya zauna ya karanta tarihin Afirka da al'adunta sosai, ya gina wata duniya tasa ya sa mata suna Nyumbani, kalmar Swahili ce ma'anarta gida. A cikinta ya haifi Imaro. Gajerun labaran sun fara fitowa a ƙananan mujallu tun wajen 1974, sannan aka haɗa su littafi a 1981.

Labarin kuwa ga yadda ya fara, ba zan ɓata maka shi ba. Uwarsa Katisa ta kawo shi yana ɗan shekara biyar wajen danginta Ilyassai, makiyaya ne mayaƙa da marubucin ya ɗauko kamanninsu daga Masai na Kenya da Tanzaniya, ta bar shi ta tafi. Ubansa ba ɗan ƙabilar bane kuma taƙi faɗin ko waye, saboda haka yaro ya tashi ana kiransa ɗan da bashi da uba, ana dukansa ana ware shi, abokinsa kawai saniyar da yake kiwo. A al'adarsu yaro baya zama namiji sai ya kashe zaki shi kaɗai. Ranar tasa ta zo, ya kashe zakin, amma aka yi sihiri aka rufe idon mutane suka ga kamar gudu yayi. Nan na ajiye littafin na ɗan yi shiru, don duk wanda ya tashi a zango ya san wannan ciwon, a haife ka a gari, kakanka ma nan aka binne shi, amma kullum akwai mai tambayarka kai ɗan ina ne. Imaro ƙato ne mai ƙarfin gaske amma ba ƙarfin ke riƙe mai karatu ba, wannan raunin da yake yawo da shi ne, yana son a karɓe shi kuma yana jin haushin masu ƙin nasa, har ya zama shugaban 'yan fashin daji da ake kira haramia bai rabu da shi ba.

Don haka ƙanina fara da Imaro. Bayansa The Quest for Cush na 1984, sai The Trail of Bohu na 1985, na huɗu The Naama War shi kuma sai bayan shekara ashirin da wani abu ya fito. A jere ake karanta su, kada ka tsallake.

Tambaya ta biyu daga ɗalibin nan na Tek ce, shi ya bada shawarar kuma ya haɗa da tambaya:

"Malam ni a waya na fara jin sunansa, na samu na farko na karanta, abin da ya ɗaure min kai shine in dai rubutun yana da kyau haka me yasa ba'a san shi ba? Abokaina masu karanta irin waɗannan littattafai ko ɗaya bai taɓa jin sunan ba."

Ɗan'uwa wannan tambayar ita ce ke sa ni baƙin ciki duk sanda na tuna. Kamfanin DAW da ya fara buga Imaro a 1981 sun rubuta a bangon cewa labarin baƙin Tarzan ne, don su jawo masu saye. Ka duba fa, mutumin da ya ƙirƙiri jaruminsa don ya goge hoton Tarzan daga kan Afirka, sai ga sunan Tarzan ɗin a goshin littafinsa. Magadan Edgar Rice Burroughs, mai Tarzan, suka tada maganar shari'a, dole aka sake buga bangon, littafin ya makara wajen wata guda kafin ya shiga kasuwa, ciniki ya lalace. Na biyu da na uku suka fito basu sayu sosai ba, kamfanin ya janye, labarin ya tsaya a tsakiya, masu karatu suna jiran na huɗu shiru.

Shi kuma ya koma Nova Scotia a 1985, ya kama aikin jarida a Halifax, a jaridar Daily News, yana rubutu kan tarihin baƙaƙen fata na yankin, har da littafi kan 'yan dambensu. Shekaru ana zaune da shi a ofis da yawa basu ma san yana da wani Imaro ba. A 2006 wani kamfani Night Shade Books ya sake fito da na farko, daga baya na biyu, shima ya tsaya nan, sauran sai shi da kansa da taimakon abokai ya fitar da su ƙarƙashin suna Sword and Soul Media. Wannan suna sword and soul, wato takobi da ruhi, shi ya raɗa wa irin wannan rubutu, kuma yau akwai matasan marubuta baƙaƙe da suke kiran kansu da shi, a 2011 shi da Milton Davis suka tattara labaran irinsu a littafi ɗaya mai suna Griots.

Jaridar ta rufe a 2008. Ya ci gaba da zama shi kaɗai a Dartmouth, ba waya a gida ba intanet, laburare yake zuwa ya amsa saƙonnin mutane a kwamfuta. Da korona ta zo aka rufe wurare sai aka daina jin ɗuriyarsa. Ya rasu a watan Mayu 2020 yana da shekara 73, ba'a samu dangi ba hukuma ta binne shi a kabarin da ba alama, sai bayan watanni abokai da masu karatunsa suka ji, suka bi diddigi suka gano wurin, suka haɗa kuɗi aka kafa masa dutse da sunansa. Mu da muka saba in an yi rasuwa a unguwa kafin azahar layi ya cika da benci, wannan labarin yana da nauyi a kunne. Mutumin da ya rubuta yaron da ba mai nemansa.

To ka ga ba rashin iya rubutu bane. Kasuwa ce ta juya masa baya tun ranar farko, kuma ya zo da wuri, lokacin da masu buga littafi a can basu yarda akwai mai sayen labarin jarumi baƙi a ƙasar baƙaƙe ba.

Sai wasiƙar 'yar'uwarmu daga Nima, malamar makaranta ce, ita ba tambaya ta yi ba gyara ta kawo, kuma na ji daɗinsa:

"Malam na san maza Imaro zaku ce, amma don Allah ka gaya wa yaron nan da 'yan matan da ke karanta shafinka su nemi Dossouye. Ni yayana ne ya aiko min daga waje. Mace ce mayaƙiya, ba jiran wani take ya zo ya cece ta ba, kuma ƙasarta kusa da mu ce ba can gabas ba. Na karanta wa ɗalibaina wani yanki ranar Juma'a bayan darasi, har aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa."

Malama kin yi gaskiya kuma na karɓi gyara. In ma son raina zan bi, a wajen iya tsara magana Dossouye tafi Imaro na farko, don lokacin hannunsa ya nuna. Labarinta na farko, Agbewe's Sword, ya fito 1979 a wani tarin labarai mai suna Amazons!, sai 2008 aka haɗa labaranta littafi guda, na biyu The Dancers of Mulukau ya biyo a 2012. Ƙasarta a labarin Abomey ce, kuma wannan ba ɓoyayyen abu bane, daga masarautar Dahomey ya ɗauko, wadda ke Jamhuriyar Benin yanzu, inda aka yi rundunar mata mayaƙa na gaske da suka gwabza da Faransa a shekarun 1890. Daga Accra in ka hau mota ta Aflao ka ratsa Lome, kafin dare kana ƙasar. Dossouye ba doki take hawa ba, wani bijimin yaƙi ne mai suna Gbo, kuma shaƙuwar da ke tsakaninta da dabbar nan na daga abin da ya fi tsaya min a rai, yadda take magana da shi in suna daji su biyu bayan an raba ta da gida.

Kuma mu nan wa zai bamu labarin mace a fagen fama? Ejisu tana nan bakin hanyar Accra, garin Yaa Asantewaa da ta ja yaƙin 1900 da Turawan Ingila, iyayenmu kuma sun tashe mu da labarin Amina ta Zazzau. Yarinyar zango da ta karanta Dossouye ba baƙon abu zata gani ba. Abinda zan ƙara kawai, Malama, littafi na biyu ya taɓo maganganu na manya game da jiki da al'ada, ki fara karantawa ke kaɗai kafin ki kai aji.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar wani dattijo daga Asawase, da hannu ya rubuto aka kawo ofis:

"Malam, jikana ne ya nuna min shafinka. Ni ban hana yaro karatu ba amma littattafan nan na matsafa da gumaka suna damuna. Yaro Musulmi ya zauna yana karanta tsafi dare da rana, ba zai taɓa masa aƙida ba? Ka faɗa min tsakani da Allah."

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, tsakani da Allah zan faɗa. Akwai tsafi a littattafan nan, akwai miyagun alloli da ya kira Mashataan, akwai bokaye, kuma akwai jini da yawa, ana sare kai ana farke ciki, wani wurin ma akwai maganar mace da namiji duk da ba'a baje ta ba. Ban ce a ba ɗan firamare ba. Daga shekara 15 zuwa sama nake gani, shima gwargwadon hankalin yaron, ku kuka san jikanku.

Amma Baba ku tuna mu ma da tatsuniya aka yaye mu, Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kuma Gandoki da Bello Kagara ya rubuta tun 1934 cike yake da aljanu da yaƙe-yaƙe, malamai suka karantar da shi a makarantu ba wanda ya bar sallah saboda shi. Yaro yana gane ƙunƙurunƙus. A Imaro kuma matsafan nan sune abokan gaba, duk wanda ya nemi ƙarfi ta hanyarsu jikinsa da ransa ne ke lalacewa a gaban idonka, akwai wani Chitendu a littafi na farko da in yaro ya ga yadda ya koma ba zai yi sha'awar hanyar ba. Hukuncin addini kuwa ba nawa bane, ku tambayi malaminku na unguwa. Shawarata dai in jikan ya gama babi ku sa shi ya baku labarin da Hausa bayan isha'i, zaku ji abinda ya ɗauka da abinda ya bari, Hausarsa ma zata ƙaru, don yaranmu na nan Turanci da yaren Tuwi sun fara cinye musu ita.

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya tambaya amma dole in faɗa don kada in yi muku tallan da ba gaskiya. Afirkar Saunders Afirka ce ta mutumin da ya same ta a littafi yana zaune a ƙasar sanyi. Wani wurin zaka ji ya kwaso Masai da Swahili da tsohuwar Kush ya zuba a tukunya ɗaya, kalmomin Swahili sun yi yawa a farko har sai ka riƙa komawa baya, kuma mu mutanen yamma, ƙasar Hausa da Asante da Dagomba, ba mu ne a tsakiyar labarin Imaro ba. Ba zaka ji ƙamshin kasuwa irin wanda ɗan gida zai rubuta ba. Amma yayi da girmamawa, bai maida mu abin kallo ba, akwai birane akwai malamai akwai sarauta mai tsari, abokin Imaro ma Pomphis ɗan guntun mutum ne daga ƙabilar daji amma shine mai ilimin cikinsu, yasan harsuna yasan littattafai, shi ke yiwa ƙaton bayani.

Kuma mutum ne mai tsoron abin da alƙalaminsa zai jawo. A bugun 1981 akwai wani babi, Slaves of the Giant-Kings, inda wata ƙabila dogaye ke bautar da wata, aka tashi aka yi musu kisan kiyashi. Ya rubuta shi tun kafin abin da ya faru a Ruwanda a 1994, da abin ya faru ya ga kamannin sun yi yawa, sai ya cire babin gaba ɗaya daga bugun 2006 ya rubuta sabo mai suna The Afua, wanda ya canza yadda Imaro ya haɗu da Tanisha masoyiyarsa. Wannan amsa ce kuma ga wanda ya turo saƙo yana cewa nasa littafin ya bambanta da na abokinsa har suna musu a motar haya ta trotro daga Tafo zuwa Adum. Ku duka kuna da gaskiya, bugu biyu ne. In zaka bi jerin har na huɗu, na 2006 zaka nema don da shi sauran sabbin bugun suka dace. Nawa na kan buhu tsohon ne, daga baya na karanta sabon, kuma ina ganin cirewar da yayi daidai ce.

Tambaya ta ƙarshe mutum uku suka yi ta: a ina za'a samu a Kumasi?

Nan ne wahalar take, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin sabo a kanti ba. Masu tsofaffin littattafai na wajen Adum da Kejetia ku riƙa leƙawa, ku rubuta musu sunan a takarda ku bar lambar waya, suna buɗe kwali sabo lokaci lokaci kuma in sun san akwai mai nema suna ajiyewa. Wanda ke da ɗan'uwa a Amurka ko Ingila ko Jamus, kuma wane gida ne a zango bashi da, ya roƙa a saka masa ɗaya a akwati lokacin da ake zuwa hutun sallah, littafin bashi da nauyi. Akwai kuma Nyumbani Tales na 2017, gajerun labarai ne na duniyar Imaro, da Abengoni na 2014, in aka ci karo da su a ɗauka, amma ba da su ake farawa ba.

Ƙanina na Aboabo, kai kam ba sai ka jira kwali ba. Nawa yana nan, na ɗinke bangon da zare na sa masa leda. Ka zo ofis ranar Asabar bayan la'asar ka ce kai ne mai wasiƙar littattafan yaƙi, za'a baka, sati uku ka dawo da shi don ɗalibin Tek ya riga ya roƙi ganin tsohon bugun. In ka gama ka rubuto mana abinda ka gani, musamman babin zakin, zamu buga a fitowa ta gaba.